Daga Tukur-Tukur Zuwa Kakuri: Tashi da Faɗuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo

A ƙarshen 1938 wata jita-jita ta game ƙasar Hausa. Ana ta faɗi a kasuwanni da zaurukan malamai cewa Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Jamus don su lallashi Hitila, wanda ya matsa sai an mayar wa ƙasarsa yankunan Afirka da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Farko. Gwamnatin mulkin mallaka ta waiga ta ga ba ta da bakin da za ta ƙaryata zancen da shi a kunnen talaka. Akwai wata 'yar jarida da ake bugawa tun 1932 cikin Hausa da Larabci da Turanci, amma fitowarta jefi-jefi ce, kuma da wuya ta wuce hannun sarakuna da ma'aikatan En'e. Saboda haka a watan Janairun 1939 aka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga ofishin talifi na Zariya, wanda Dokta Rupert East yake shugabanta. Kuɗinta kwabo ɗaya. Editanta na Hausa kuwa wani malamin makarantar Midil ta Katsina ne, ɗan shekara 27, haifaffen Kagara, wanda ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce: Malam Abubakar Imam.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan asali, domin shi ya bi jaridar har kabarinta. Hukuma ce ta haife ta, don biyan bukatar hukuma.

A wata nahiyar, wata al'umma da aka daɗe ana magana a kanta ba tare da an saurare ta ba ta bi wata hanya dabam. Ranar 16 ga Maris 1827, a birnin New York, lokacin da miliyoyin baƙar fata suke cikin bauta a kudancin Amurka, wasu mutum biyu, Samuel Cornish da John Russwurm, suka fito da Freedom's Journal. Hujjarsu ita ce wasu sun daɗe suna aron bakinsu suna ci musu albasa, yanzu su za su faɗi damuwarsu da kansu. Jaridar ba ta yi shekara uku ba, amma ta buɗe ƙofa. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta, ya kafa North Star a 1847. A 1892 gungun farar fata suka ragargaza ofishin jaridar Ida B. Wells a Memphis saboda ta tona ƙaryar da ake fakewa da ita ana rataye baƙar fata ba shari'a. A 1905 Robert Abbott ya fara Chicago Defender a gidan da yake haya, da jarin da bai taka kara ya karya ba. Garuruwan kudu da dama suka hana sayar da ita, sai ma'aikatan taragon barci na jirgin ƙasa, waɗanda baƙar fata ne, suka riƙa ɓoye ta cikin kayansu suna sauke ta tasha-tasha. Kofi ɗaya kan zagaya shagon aski da coci har ya yayyage. Labaran aiki da 'yanci da take bugawa suna cikin abin da ya sa dubban ɗaruruwan mutane suka tattara komatsansu suka yi ƙaura zuwa biranen arewacin ƙasar. Babu gwamnatin da ta ba waɗannan jaridu ko anini. Masu karatu da masu ƙananan talla ne suka riƙe su.

Wannan al'ada ta ƙetaro teku ta iso mu, ko da yake ba kowa ya lura da sawunta ba. Russwurm ɗin nan ya koma Laberiya ya zama editan Liberia Herald. Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya yi karatu a jami'o'in baƙar fata na Howard da Lincoln, ya ga yadda jaridunsu ke faɗa da babbar murya, ya dawo ya kafa West African Pilot a Ikko a 1937 bisa wannan salon. Akwai kuma Duse Mohamed Ali, wanda ya yi aiki da jaridar Marcus Garvey, Negro World, kafin ya zauna Ikko ya kafa The Comet a 1933. Bayan Azikiwe ya saye ta, aka mayar da ita Kano a 1949, ta zama mafakar matasan da suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Ke nan salon jaridar gwagwarmaya ya taso daga Amurka ya sauka Kano, amma cikin Turanci ya sauka, a ƙasar da masu jin Turanci 'yan ƙalilan ne. Jaridar da ke jin harshen jama'a kuwa tana hannun gwamnati. A nan ne gwanintar Imam ta fito.

Da farko sai da aka yi fama da rubutun kansa. A zamanin East ne aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda muke rubutu da su yau ba tare da mun tuna an taɓa yin gardama a kansu ba. A maɗaba'a ta wancan zamani mai haɗa baƙaƙe yana tsaye ne gaban akwati mai rami-rami, yana tsinto haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a juye, daga nan a ɗaure shafi a shafa tawada. Kowane "ƙ" sai an sa an zubo shi musamman, don babu shi a akwatin Turanci. Ta wannan aikin haƙuri ne Hausar boko ta samu daidaito. Abin da ake kira daidaitacciyar Hausa a yau, a shafukan Gaskiya ya yi rarrafe ya miƙe. Kalmomin majalisa da zaɓe da kasafin kuɗi da yaƙin zamani, da yawansu a teburin Imam da abokan aikinsa irin su Malam Nuhu Bamalli aka fara gwada su, mai kyau ta zauna, marar kyau ta bi iska. Ba a manta da masu ajami ba, aka riƙa haɗa musu 'Yar Gaskiya. Lokacin yaƙi kuma aka ƙara wata takardar labarai mai suna Suda.

Imam ya san cewa mafi yawan waɗanda jaridarsa za ta isa gare su da kunne za su karɓe ta. Mutum ɗaya ne zai saya, malamin makaranta ko akawun En'e ko malamin asibiti, da yamma ya zauna a dandali ko ƙofar gidan mai unguwa ya karanta da ƙarfi, mutum ashirin suna saurare, ana tsayar da shi ana cewa, "Malam, maimaita wurin nan." Saboda haka ya rubuta ta yadda za ta yi daɗin ji: gajerun jimloli, karin magana, labari cikin labari, raha a inda ta dace. Labarin yaƙin Turai da na Bama, inda dubban 'yan Arewa suka tafi soja, ya zo wa mutane cikin irin muryar da suka saba jin tatsuniya da wa'azi.

Amma a ganina babban abin da ya yi shi ne buɗe shafin wasiƙu. Kafin Gaskiya, talakan Arewa ba shi da inda zai kai kuka a rubuce sai wurin wanda yake kuka da shi. Yanzu ga wuri an samu inda malamin elemantare daga Azare ko akawu daga Gusau zai rubuto ya ce hanyar garinsu ta lalace, ko ana zalunci wajen karɓar haraji da jangali, ko 'yan doka sun matsa wa mutane, a buga, a karanta a Sakkwato da Yola, kuma Razdan ya sa a fassara masa. Wasu kan sa sunansu, wasu kan ɓoye bayan laƙabi don tsoron fada. 'Yan boko na farko, tsararrakin Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun samu filin da za su ji motsin juna. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka gane ciwonsu ɗaya ne. Kafin jam'iyya ta zo, shafin wasiƙun nan shi ne majalisar Arewa. Imam kuwa yana tsakiya, yana tafiya bisa siraɗi: ga Turawa masu biyan albashinsa, ga sarakuna da ba su saba a taɓa su ba, ga matasa masu ganin yana jan ƙafa. Dabararsa ita ce ya bar mai wasiƙa ya faɗi mai zafin, shi kuma ya biyo da sharhi mai sanyi wanda bai ƙaryata shi ba.

A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, Imam yana cikinsu, Azikiwe ma haka. A wannan tafiya Azikiwe ya tsara takardar neman mulkin kai cikin shekara 15. Imam bai sa hannu ba. An daɗe ana yi masa gorin wannan, amma duba abin da ya yi a maimakonsa. Ya je har gida ya sami Lugga, wanda ya kafa mulkin Turawa ta hannun sarakuna a Arewa, ya gaya masa inda tsarin nasa ya ruɓe: sarakuna sun koma jin tsoron Razdan fiye da jin kukan talakawansu, 'yan boko an bar su a waje ba mai shawara da su, jahilci ya yi katutu. Lugga ya ce ya rubuto masa, ya kuwa rubuta, takardun suka kai ga masu mulki. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan shekara biyar, a 1948, yana cikin waɗanda suka yi taron Zariya tare da Dokta R. A. B. Dikko, taron da ya haɗu da na Kaduna aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa. Dikko Kirista ne, kuma shi ne likitan boko na farko daga Arewa. Yana da kyau a tuna da wannan idan aka zo maganar waɗanda jaridar ta ɗauka nata.

Ba zan ɓoye inda ta gaza ba. Yayin da siyasa ta kankama, Gaskiya ta karkata wajen masu mulki. A 1950 ta yi sharhi mai zafi tana nuna tsoron cewa in Turawa suka tafi 'yan Kudu ne za su gaje kujerunsu a ofisoshi da tashoshin jirgi da asibitocin Arewa. Tsoron yana da tushe, amma ya zama jigon da ya rufe wasu koke-koke na cikin gida. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta kama gwamnatin Jihar Arewa, 'yan NEPU suka riƙa kallon jaridar a matsayin kakakin abokan hamayyarsu, kuma ba su yi ƙarya ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗaurin da alƙalan En'e suka riƙa yi wa 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, sai mutum ya nemi Comet kafin ya ji shi da zafinsa.

Ta fuskar girma kuwa sai hamdala. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa mazauni a Tukur-Tukur, Zariya. A 1948 aka yi wa jaridar ƙanwa ta Turanci, Nigerian Citizen. Shekarun 1950 suka zo da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa hidima, da hukumar NORLA mai buga littattafai da jaridun larduna: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zazzau, Zumunta a Bauci. Dattijon da ya koyi "a, ba, ca, da" a ajin yamma yana da abin da zai gwada karatunsa a kai. Imam ya bar kujerar edita cikin waɗannan shekaru ya shiga wasu ayyukan gwamnati, amma ya bar gida a kafe.

Ranar 1 ga Janairu 1966 gwamnatin Sardauna ta maye gurbin Citizen da New Nigerian, mai hedikwata a titin Ahmadu Bello, Kaduna, da sababbin injina da suka fi na kowace jarida a ƙasar fitar da hoto tsaf. Mako biyu bayan haka aka kashe Sardauna. Gaskiya ta koma ƙarƙashin wannan sabon kamfani, har ta kai tana fitowa sau uku a mako. New Nigerian ta yi tashe a hannun Adamu Ciroma da Mamman Daura da Turi Muhammadu, har ana cewa gwamnatin soja ba ta karya kumallo sai ta karanta sharhinta. Sai dai daga nan Gaskiya, wadda ita ce uwa, ta zama 'yar rakiya. Kuɗin talla da sababbin motoci da ƙwararrun wakilai suna wajen ta Turanci. Ta Hausa kuwa sau da yawa fassarar labaran jiya take samu.

To, mu ƙetara gadar kogin Kaduna, mu ga masu karatun Gaskiya na Kakuri.

Kudancin kogin Kaduna jirgin ƙasa ne ya fara raya shi. A nan tashar Kaduna Junction take, inda layin da ya taso daga Ikko zuwa Kano ya haɗu da wanda ya fito daga Fatakwal ta Kafanchan. Turawa da manyan ma'aikata suka zauna arewacin kogi bayan an dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, leburori da makanikai da maƙera suka taru a Makera da Kakuri. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, ta haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo, sai Arewa Textiles ta Japanawa, sai UNTL, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban mutane suka kwararo: Bajju da Atyap da Ham da Adara daga kudancin lardin Zazzau, Tibi da Idoma da Igala daga Binuwai, Angas da Birom daga Filato, Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa, Nufawa, Yarbawa, Ibo, ga Gbagyi masu ƙasa. Nasarawa da Barnawa da Unguwar Television da Narayi da Sabon Tasha duk suka cika. Harshen da ya haɗa su a bakin inji da kasuwar Monday da gidan haya shi ne Hausa. Da ita ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a coci, domin Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932.

Duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki ya san yadda ƙofar kamfani take idan jiniya ta yi kuka. Masu aikin dare suna fitowa da auduga a gashin kai, masu aikin safe suna kutsawa, kekuna sun toshe hanya, mai shayi yana ta fifita wuta, masu ƙosai da koko sun jeru. A gefe ga mai jarida ya shimfiɗa hajarsa a ƙasa ya danne kowace da dutse don iska. Masu saye kaɗan ne, masu karatun tsaye sun fi yawa, hannu a baya, wuya a miƙe, ana gardamar ƙarin albashin Udoji ko wasan Ranchers Bees. Wanda bai yi nisa a boko ba, Gaskiya yake nema. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, da dare ɗansa ɗan firamare ya karanta wa gida.

Ga jama'a, ga harshe ɗaya, ga albashi a ƙarshen wata. Duk abin da ya tayar da Chicago Defender yana nan a Kakuri. Amma jaridar da za ta zama ta waɗannan mutane, ta ɗauki labarin auduga da ke cin huhun masaƙi, da kuɗin haya, da sallamar ma'aikata, da bikin suna da jana'izar unguwa a matsayin babban labari, ba ta samu ba. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda aka kafa a 1978 kuma hedikwatarta ke wannan yanki, ta yi ƙarfin da ta fitar da Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles har ya shugabanci ƙwadagon ƙasa baki ɗaya, amma labarinta a jaridun wasu ake karanta shi. Gaskiya kuma, ko da yake ana sayenta a nan, idonta yana kan fada da ofishin gwamna. Kirista mai jin Hausa daga Zonkwa ko Kagoro zai karanta ta daga farko har ƙarshe bai ga kansa a ciki ba sai nadiran. 'Yan mishan suna da tasu, Labarin Ekklesiya, amma ta coci ce. Mutanen Binuwai da Filato sun ji irin wannan ƙorafi game da New Nigerian, shi ya sa Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa Nigeria Standard a Jos a 1972. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai ita ma Standard gwamnati ce ta haife ta.

An yi jaridu masu zaman kansu a Kaduna, ba a ce ba a yi ba. The Democrat ta Isma'ila Isa Funtuwa, wadda aka kafa a 1983, a nan kudancin kogi ofishinta yake, kan titin Ahmed Talib. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi The Reporter da Nasiha. Abidina Coomassie ya yi Today da A Yau. Mohammed Haruna da abokansa suka yi mujallar Citizen, Hassan Sani Kontagora ya yi Hotline. Weekly Trust ma a Kaduna ta fara a 1998 kafin kamfanin ya koma Abuja. Kusan dukansu manyan mutane ne suka kafa su don kare matsayin Arewa a kokawar siyasar ƙasa, suna mayar wa jaridun Ikko martani. Injin The Democrat yana juyawa a tsakiyar unguwar ma'aikata, amma da masu mulkin soja na Dodan Barracks yake magana.

Ranar da aka fi bukatar jaridar gari, babu ita. A Fabrairun 2000 rikicin shari'a ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, ya raba garin biyu: Musulmi da dama suka tattara suka koma arewacin kogi, Kiristoci suka gangaro kudu, maƙwabtan shekara talatin suka yi musayar gidaje. A Nuwamban 2002 wani rubutu da jaridar ThisDay ta Ikko ta buga kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya taɓa mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka ƙone ofishinta na Kaduna, wuta ta bazu, fiye da mutum 200 suka mutu, mafi yawansu ba su taɓa ganin shafin ba. Rubutun ganganci ne na wanda bai san mutanen da yake rubutu a kansu ba, kisan da ya biyo baya kuma zalunci ne da babu addinin da ya yarda da shi. Ba na cewa jarida za ta iya hana wannan ita kaɗai. Abin da na sani shi ne a kwanakin nan jita-jita ce ta yi mulki a ɓangarorin biyu, kuma babu wata takarda guda da mutumin Tudun Wada da na Sabon Tasha za su buɗe su yarda da abin da ta ce. Jaridar da aka kafa a 1939 don kashe jita-jita tana raye a lokacin, a ƙetaren gada, amma ƙarfinta ya ƙare.

Ciwon ya daɗe yana cinta. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe kamfanin New Nigerian ya koma na tarayya. Daga nan kowane sabon shugaba sai ya naɗa nasa manaja, edita ya yi rubutun da bai gamshi barikin soja ba a sauke shi. Karyewar naira daga 1986 ta sa takarda da tawada da kayan gyaran inji, waɗanda ake sayowa daga waje, suka yi tsadar da ba a iya kaiwa. Rediyon Kaduna, wanda ya fara a 1962, da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, sun riga sun kama kunnen manomi, ba ya bukatar kwabo ko mai karanta masa. Ma'aikatun gwamnati suna ba da talla ba sa biya. Su kuma masu saye na Kakuri aljihunsu ya bushe: KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, atamfar waje ta cika kasuwa. A 2006 aka mayar wa jihohin Arewa 19 kamfanin. Abin da ya zama na gwamnoni goma sha tara ya zama ba na kowa ba. Albashi ya taru wata da watanni, ma'aikata suka yi yajin aiki, zuwa 2013 injinan titin Ahmadu Bello sun yi shiru. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu, kamar yadda ya faru da takwarorinsu na KTL a ɗaya gefen kogin.

Jaridun baƙar fatan Amurka su ma sun sha wuya. Chicago Defender ta daina fitowa a takarda a 2019, ta koma intanet. Amma ta kai shekara 114 tana fita ba gwamnatin da za ta iya kashe ta da hana kasafi, domin ba a kasafin kowa take ba. Gaskiya ta fi shekara 70, kuma duk tsawon wannan zamani masu karatunta ba su taɓa mallakar ko ƙusa ɗaya a cikinta ba. Sun ba ta kwabonsu da wasiƙunsu da amanarsu, wasu suka riƙe maƙullin. Hukuncina ke nan a kanta: Imam ya ari kayan gwamnati ya yi wa jama'a aiki da su, kuma ya yi aikin da ba wanda ya yi kamarsa, amma kayan aro ne har ranar da aka rufe ƙofa.

Aikin jarida da Hausa bai mutu ba. Aminiya tana fitowa tun 2006, akwai Leadership Hausa, akwai Al-Mizan ta Zariya, ga shafukan intanet ba iyaka, ga matasa a Barnawa da Narayi da Kakuri masu ɗaukar labarin unguwa da waya suna sawa a Facebook. Wanda duk zai tara su ya yi wa Kaduna jaridar Hausa ta gari, wadda za ta ɗauki ɓangarorin kogin biyu a matsayin gida ɗaya, ya fara da neman kuɗinta a wurin masu karatu da 'yan kasuwar unguwa, ya bar shafin wasiƙu a buɗe ga kowa.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Takardar jarida ba ta da tsawon rai, gara da ɗanshi da zafi suna cinye ta. Gidan Arewa da ke titin Rabah da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna suna ajiye da tsofaffin kofe, amma akwai wasu da yawa a akwatunan tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan jirgi da na masaƙa, waɗanda magada kan zubar ko su sayar wa mai ƙosai. Idan akwai irin wannan ɗauri a gidanku, kada ku yar. Ku kakkaɓe shi, ku ɗauki hoton kowane shafi, ku kai asalin Gidan Arewa. Gwamnonin Arewa kuma, waɗanda kamfanin ke hannunsu, su biya sauran ma'aikatan da iyalan waɗanda suka rasu haƙƙinsu, su sa a ɗauki hoton duk fitowar Gaskiya tun daga Janairun 1939 a zuba a intanet kyauta, yadda ɗalibi a Sabon Tasha ko Maraɗi zai iya karantawa.